Me Ya Sa Ba Ma Manta Kambas Ɗinmu na Farko?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau maganar takalmi za mu yi, musamman kambas. Ku sami magidanci ɗan shekara arba'in ko hamsin a nan Zariya, ku tambaye shi sunayen 'yan ajinsu na sakandare, da ƙyar zai kawo rabi. Amma ku tambaye shi kambas ɗin da ya fara saya da kuɗin hannunsa. Zai faɗa muku launinsa, da rumfar da ya saya, da abokin da ya raka shi, har da yadda aka yi cinikin. Wannan ba banza ba ne, akwai dalili, kuma dalilin yana cikin yadda muka taso.

Mu fara da tambayar wa yake zaɓa wa yaro kayan da zai sa. A makaranta, ko Alhudahuda ce ko Barewa, kayan makaranta iri ɗaya ne ga kowa, ba ka da ta cewa. A gida kuma, in Sallah ta matso, Baba ne zai je kasuwa ya yanko shadda ko yadi, turmi ɗaya ko biyu, a kai wa tela ɗaya, a ɗinka wa yaya da ƙane da ɗan baffa iri ɗaya, aikin wuya iri ɗaya. Hula ma shi zai sayo. Ranar idi ku fito ku biyar ko shida, duk wanda ya gan ku ya san 'yan gida ɗaya ne, kuma wannan abin alfahari ne. Sai dai saurayi ɗan shekara sha shida yana da wata buƙatar ta daban: yana so a san shi a shi kansa, ban da ɗan gidan Alhaji wane. Wurin da aka bar masa ya yi wannan shi ne ƙafa. Iyaye ba su cika sa ido a kan takalmi ba, in dai yana da tsabta kuma ba na sata ba ne. Ta nan samari suka samu ƙofa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. Mu mutane ne masu cire takalmi: a ƙofar masallaci sau biyar a rana, a bakin zaure, a gaban malam, a ƙofar ɗakin Hajiya in an je gaisuwa. Saboda haka takalminka yakan tsaya a waje shi kaɗai, jama'a na wucewa suna ganinsa, kai kana ciki. Abokinka zai zo ƙofar gidanku, bai yi sallama ba tukuna, ya dubi bakin shago ya ce, “Ai su wane suna ciki, ga kambas ɗinsa nan.” Riga ba ta yin wannan aikin, domin tana jikinka. Shi ya sa kuma satar takalmi a masallacin Juma'a take da ciwo fiye da kuɗinsa, har za ka ga saurayi ya raba ƙafa biyun, ɗaya a wannan ƙofa ɗaya a waccan, ko ya ƙunshe su a leda ya ajiye a gabansa.

To daga ina abin ya fito? Asalinsa roba ce. A 1844 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya yi rajistar hanyar dafa ɗanyen danƙo da farar wuta, yadda ba zai narke a zafi ba kuma ba zai tsage a sanyi ba. Da wannan aka samu tafin takalmi mai laushi da ake manna wa yadi mai kauri. A 1917 kamfanin Converse ya fito da All Star don 'yan ƙwallon kwando. A Jamus, wa da ƙane 'yan gidan Dassler suka ɓata, suka raba masana'antarsu a garin Herzogenaurach: Rudolf ya kafa Puma a 1948, Adolf ya kafa Adidas a 1949. Nike kuwa ta baya-bayan nan ce, ita ta kawo Air Force 1 a 1982, sannan Air Jordan a 1985. Duka don wasanni aka yi su, titi ne ya karɓe su daga baya.

Mu nan, yawancinmu ba da waɗannan muka fara ba. Da Bata muka fara, kamfanin da aka kafa a garin Zlin na ƙasar Cek a 1894, wanda ya yi shaguna a manyan garuruwan Nijeriya. Sandal ɗinsa mai ruwan ƙasa, Cortina, shi ne takalmin ɗan makaranta, sai farin kambas marar ado na ranar wasanni da fareti. Har yau farin kambas yana cikin kayan 'yan hidimar ƙasa, shirin da aka fara a 1973.

Abin da ya juya lamarin shi ne kuɗi. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, aka karya darajar naira, zuwa 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Sabon takalmin waje ya fi ƙarfin ɗan ma'aikaci, balle ɗan manomi. Sai gwanjo ya cike gurbin: kayan da aka sa aka bari a Turai da Amurka, ana ɗaure su dila-dila, galibi su sauka a tashar Kwatano, su ratso iyaka, su iso kasuwannin Arewa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Sabon Gari ranar buɗe dila ya san abin da nake nufi. Tun da safe samari sun kewaye mai kayan. Ya yanke igiya, ya zazzage buhu a kan shimfiɗa, wannan warin na gwanjo ya tashi, hannuwa su yi ca. Takalman a ɗaure suke ƙafa bibbiyu da igiyarsu, amma wani lokaci sai ka ci karo da ƙafar dama mai kyau, ta hagu ta ɓace a cikin tarin. Ba ka sakin wadda ke hannunka. Ka maƙale ta a hammata, ka ci gaba da tono, kana addu'ar kada ɗayar tana hannun wani. In ka haɗa su, sai bincike: ka lanƙwasa tafin ka ga ko ya tsage, ka ɗaga harshen ka duba lamba, ka zura hannu ciki ka ji ko dunduniya ta ci. Sannan ciniki.

“Maigida, nawa wannan?”

“Ɗan samari, wannan lamba ɗaya ne, ko wanki bai gani ba.”

“Haba maigida, dubi nan fa, ya ɗan buɗe.”

“Albarka. Ƙara dai.”

Ka yi kamar za ka tafi, zuciyarka tana bugawa, sai ka ji an ce, “Zo ka kawo.” In ya yi maka yawa da lamba ɗaya ko biyu ba matsala, a cusa takarda ko auduga a gaba, ai ƙafa tana girma.

Ga muhimmin abu game da gwanjo, wanda a ganina shi ne tushen kewar da muke yi: kusan kowane takalmi shi kaɗai ne. A dila guda da wuya ka sami iri ɗaya guda biyu. In ka samu jan Puma mai farin layi, to a duk unguwarku kai kaɗai ne mai shi, har ya zama inkiyarka, ana cewa “wane mai jan kambas”. Talauci ne ya kai mu gwanjo, ba na musun wannan, amma a cikinsa yaron da ba shi da komai ya sami abin da ba wanda yake da irinsa.

Zariya kuma ta fi garuruwa da yawa samun ido a kan yayi, saboda gari ne na makarantu. Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafa ta a 1962, tana tara ɗalibai daga kowane lungu na ƙasar nan da ma waje. Abin da ɗan Legas ko ɗan Jos ya sako a harabar jami'ar ta Samaru ko ta Kongo a farkon zango, kafin hutu ka gan shi a Tudun Wada, daga nan ya shiga cikin birni ta Ƙofar Doka, ko da yake a can sai an ɗan sassauta shi, don idon dattawa. A filin ƙwallon kwando na jami'ar, wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya zo ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. A gefen wannan fili yaran gari da dama suka fara ganin doguwar kambas mai rufe idon sawu a ƙafar mutum, ba a hoton mujalla ba.

Akwai wani abu da ɗan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ya yi da nake so matasa su sani. Haifaffen Legas ne, ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. A lokacin da takalman manyan 'yan wasa suke haura dala 100, shi sai ya sa sunansa a kan takalmin kamfanin Spalding da ake sayarwa ƙasa da dala 35, don iyaye masu ƙaramin ƙarfi su iya saya wa 'ya'yansu. Mutumin da ya taso a ƙasar nan ya san abin da takalmi ɗaya yake ci a aljihun gida.

Sai kula da shi, wanda aiki ne na kansa. Ƙasar Zariya ja ce, ga ƙurar hunturu, ga taɓon damina, farin kambas ba shi da abokin gaba kamar su. Ranar Asabar a zare igiya a jiƙa ta daban. A samo tsohon buroshin haƙori da omo, a bi gefen tafin a hankali, lungu-lungu. A ɗauraye, a shafa alli ko farar hoda tun yana da danshi, a jingina shi a inuwa, domin rana tana sa fari ya koma ruwan ɗorawa, tana kuma sakin gam. In baki ya buɗe a kai wa shumeka, ya bi shi da zare da basilla zagaye guda, ya ƙara masa shekara biyu. Abokai kuma suna aro: yau kai za ka je zance, gobe shi zai je ɗaukar hoto, da sharaɗin a dawo da shi a wanke. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, musamman 'yan makarantun kwana, inda farin kambas mai tsabta ranar wasannin gidaje yake ɗaga darajar mai shi. Abin da ka tara wa kuɗi wata da watanni, daga kuɗin tara ko ladan aikin gareji, kuma ka wanke shi da hannunka duk mako, dole ya zauna maka a rai.

Wasu suna tambaya, me ya sa wanda ya adana nasa a akwati shekara ashirin, ranar da ya ɗauko sai tafin ya ruɓushe a hannunsa? Ya danganta da abin da aka yi tafin da shi. Irin su All Star roba ce dafaffiya, takan bushe ta yi tauri amma ba ta cika wargajewa ba. Masu laushin nan kuwa, irin Air Max da aka fara a 1987, akwai soso a tsakiyarsu na wani sinadari da ake kira foliyuritan. Danshin iska yana shiga cikinsa yana cinye shi a hankali, kuma ajiya ta fi sawa lahani, domin taka shi yana matse danshin ya fita. In kana da irinsa, ka riƙa sa shi jefi-jefi, kada ka ƙulle shi a leda, ka ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da zafin kwano.

Yau kambas ya cika ko'ina. Daga PZ zuwa Kwangila zuwa Samaru, shago bayan shago, sababbi fil a kwali, mafi yawa kwaikwayo daga Sin, wasu daga Aba. Tsofaffin samfura irin Adidas Samba, wanda asalinsa na wajen 1950 ne, sun dawo yayi, yara suna sawa ba su san iyayensu sun riga su ba. Kuma sun yi abin da mu ba mu yi ƙarfin halin yi ba: suna sa farin kambas da kaftani da hula zanna, 'yan mata da abaya, su je ɗaurin aure da walima a haka. A zamaninmu kaftani sai sau-ciki ko takalmin fata, in ka haɗa shi da kambas sai an kira ka gefe an yi maka faɗa. Ni wannan haɗin yana burge ni ƙwarai, domin sun daina raba kansu biyu, kayan gida daban kayan gayu daban.

Abin da ya ragu shi ne keɓantuwar. In samfuri ya shigo, kwantena guda ake saukewa, a mako ɗaya ka ga samari goma a layi ɗaya da iri ɗaya. Shi ya sa har yanzu, duk da tsadar da gwanjo ya yi, akwai yaran da suke barin sababbin shaguna su tafi Sabon Gari da sassafe, suna ba mai dila lambar waya, suna roƙonsa in zai buɗe sabuwa ya kira su kafin kowa.