Wankan jego, kunun kanwa da zuciyar mai jego

Jummai: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba za mu tsaya dogon gaishe-gaishe ba, domin duk kun ji saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp. Ni ta guruf uku ya shigo mini.

Auwalu: Ni surukata ce ta turo mini, ba ko sallama. Na gane ni ake yi wa hannunka mai sanda.

Jummai: Ai kai ne angon ƙarni. Yaya Binta na nan tare da mu kamar kullum. Yaya, matar nan cewa ta yi wankan jego da kunun kanwa ne ke kashe masu jego, wai su ke kumbura zuciya. Gaskiya ne ko a'a?

Dakta Binta: Ke Jummai, kullum sai ki ce e ko a'a, kamar muna kotu. Ciwon dai gaskiya ne, wannan ba gardama. Mace ce lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa ciwon zuciya ba, sai a watan ƙarshe na ciki ko a 'yan watannin bayan haihuwa naman zuciyarta ya yi rauni. Zuciyar ta buɗe, ta saki kamar robar wandon da ta gaji, ta kasa matso jini yadda ya kamata. Idan muka yi hoton zuciya muna duba kason jinin da take turawa a kowane bugu. Mai lafiya sama da kashi 50 cikin 100 ne. Idan ya faɗo ƙasa da 45 kuma ba wani dalili da ya bayyana, to shi ne wannan ciwon. Kuma abin da ya kamata ya dame mu, duk duniya ba inda aka fi samunsa kamar Arewacin Najeriya. A Kano an ƙirga kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100. A Sakkwato ma lissafin kusan haka ya fito. Afirka ta Kudu kuwa wajen 1 cikin 1,000 ne.

Auwalu: Inna lillahi. To ai kin ga matar ta yi gaskiya ke nan, tunda mu ne masu wankan.

Dakta Binta: Tsaya mana. Abin da matar ta faɗa ba ita ta ƙirƙiro ba, tsohon bayani ne, kuma likitoci ne suka fara shi. A shekarun 1970 a asibitin koyarwa na Zariya akwai wasu likitoci Turawa, Davidson da Parry. Suka ga mata na ta zuwa a kumbure bayan haihuwa, suka bi diddigin sama da 200. Suka duba me matan Zazzau ke yi: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har a yi arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa. Sai suka ce kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, shi ya sa take gazawa. Bayanin ya shiga hankali, ya shiga littattafai, mu ma haka aka koya mana.

Jummai: Sai kuma me ya faru?

Dakta Binta: Sai namu suka sake dubawa. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike da ake kira PEACE, asibitoci daga sassan ƙasar nan suka haɗa bayanan masu ciwon, aka fitar da sakamakon a 2020. Aka kwatanta masu jegon da suka kamu da waɗanda ba su kamu ba. Ba a ga alaƙa tsakanin ciwon da wankan ba, ba a gani da kunun kanwa ba. Masu lafiyar ma ai wankan suke yi, kunun suke sha.

Auwalu: Allahu akbar! Jummai, yanke mini wannan wurin zan tura wa Hajiya.

Dakta Binta: Kar ka yanke, ban gama ba. Abubuwan da aka ga suna tafiya da ciwon su ne hawan jinin masu ciki, rama, rashin karatu, rashin abin yi. Wato talauci da yunwa, in za a faɗi gaskiya.

Auwalu: Ni fa a gidanmu ba a rama a jego. In ana maganar ƙauri...

Jummai: Ga shi nan, an zo wurin. Masu sauraro, ku tambayi Auwalu wa ya ci ƙaurin matarsa.

Auwalu: Sharri ne! Ɗanɗanawa na yi don in ji ko yajin ya yi mata yawa. Kula ce.

Jummai: Ɗanɗano da ƙafar sa guda?

Auwalu: Ƙafar ƙarama ce. San ma da alama bai ji daɗin duniya ba.

Jummai: Matarka da bakinta ta ce da aka buɗe tukunya sai romo da ƙashi.

Auwalu: To ai romon ne mai amfani, Dakta ki faɗa mata. Duk sinadarin yana cikin romo. Ni na ɗauke mata wahalar tauna ne, mai jego ba ta son motsa muƙamuƙi.

Dakta Binta: Kar ka sa ni a shari'arku.

Auwalu: Kuma a duba, wa ya sayo itacen wankan? Wa ya biya mai wanka? Wa ya hau darbejiya ya karyo ganye, har maƙwabci ya zaci ɓarawo ne? Uba ma yana jego, ba a dai san da shi ba ne.

Jummai: Shi ya sa ka yi ƙiba ita ta rame.

Auwalu: Kumburi ne. Dakta, a yi mini hoton nan ni ma.

Dakta Binta: Naka kumburin na san maganinsa, a rufe tukunya da kwado. Amma ka ga wasan nan da kake yi, a nan matsalar take. Mace ta haihu, ƙafa ta kumbura, tana haki in ta je banɗaki ta dawo, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tari ya hana ta barci, ƙirji na bugawa. Sai tsofaffi su ce ai jego ne, ko sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu da kyau ba, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. To a nan ne fa kanwar ke zama guba. Ba ita ta kawo ciwon ba, amma zuciyar da ta riga ta gaza, ka ɗura mata gishiri, ruwa zai taru a huhu. Haka mai hawan jini. Saboda haka matar saƙon muryar ba ta faɗi daidai ba, amma kai ma ba ka ci nasara ba.

Jummai: Ni abin da ke ɗaure mini kai, in ba wankan ba ne, me ya sa mu? Ai akwai talakawa ko'ina.

Dakta Binta: Wannan ita ce tambayar. Akwai zare uku da masu bincike ke ja. Na farko sinadarin seleniyam. Ɗan kaɗan jiki ke buƙata, daga ƙasa yake shiga hatsi, mu ci. A China akwai yankin Keshan da ƙasarsu ba ta da shi, yara da mata matasa suka yi ta mutuwa da ciwon zuciya, da aka fara ba su sai abin ya ragu ƙwarai. A Yamai tun 1992 wani likita mai suna Cénac da abokan aikinsa suka auna jinin masu jegon da ke da ciwon, suka ga seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa. A Kano ma Karaye ya ga haka. Sai suka gwada: mata 100, wasu aka ƙara musu maikurogiram 200 kullum na wata uku a kan magungunan zuciya, wasu magungunan kawai. Waɗanda suka sha, alamomin ciwon sun fi sauƙi. Mace-mace ma sun fi ƙanƙanta a cikinsu, sai dai matan sun yi kaɗan a yanke hukunci da wannan.

Auwalu: A kemis ana samu?

Dakta Binta: Ka ji irinta! Kar kowa ya je kemis. Seleniyam in ya yi yawa shi kansa cuta ne, gashi ke zubewa, farce ya lalace. Kuma ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. Zare na biyu shi ya fi ban mamaki. A 2007 wata masaniya a Jamus, Hilfiker-Kleiner, ta gano cewa sinadarin da ke sa nono ya kawo, firolaktin, yakan tsage a jikin wasu matan, guntun da ya fita sai ya riƙa lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. A ɓeraye ta fara gani. Sai aka ce to a tsayar da sinadarin mana, ai akwai tsohon magani mai suna bromocriptine. Karen Sliwa ta gwada a Afirka ta Kudu a kan mata 20, aka buga a 2010, sakamakon ya yi kyau. An sake gwadawa a Jamus, an gwada a Burkina Faso. Likitocin Turai sun ce a iya bayarwa, tare da maganin tsinka jini, domin yana iya jawo gudan jini. A Amurka kuwa suka ce sai sun yi nasu babban gwajin, wanda suka sa wa suna REBIRTH.

Jummai: Tsaya Yaya. In an tsayar da sinadarin, nonon fa?

Dakta Binta: Ya ƙafe.

Jummai: Kai! Jaririn kuma ya sha me?

Dakta Binta: Kin zo inda nake tsayawa kullum. Bajamushiya za ta sayi madarar gwangwani, ruwan famfonta tsaf. Matar ƙauyenmu da aka riga aka ce rama da talauci ne suka kai ta ga ciwon, ki ce mata ta daina shayarwa? Gwangwani nawa a wata? Da wane ruwa za ta dama? Sai a ceci uwa, gudawa ta ɗauke ɗa. Ni a ganina wannan magani a wurinmu sai ciwon ya yi tsanani, kuma an zauna da miji da dangi an tsara yadda za a ciyar da yaron. Akwai abokan aikina da ba su yarda da ni ba, suna cewa uwar da ta mutu ai ba ta shayarwa. Su ma da hujjarsu. Binciken nan na PEACE ya bi matan fiye da shekara, kusan 1 cikin 5 ta rasu.

Auwalu: Subhanallahi.

Dakta Binta: Zare na uku gado ne daga iyaye, wasu matan na ɗauke da tawaya a ƙwayar halittar wani furotin na naman zuciya da ake kira taitin, cikin ne kawai ya tono shi. Wannan a bar shi nan. Abin da nake so a ji shi ne akwai magani, kuma ba na ƙasar waje ba ne. Lasix na fitar da ruwa. Akwai enalapril, akwai carvedilol ko bisoprolol, akwai spironolactone. Enalapril ba a ba mai ciki, amma bayan haihuwa ana ba mai shayarwa. Matsalar ita ce da zarar kumburi ya saɓe sai a ajiye magani a ce an warke, alhali zuciyar na buƙatar watanni, wata ma shekaru.

Jummai: Na ga wani abu kuma na ƙirƙirarriyar basira, wai a Najeriya aka yi.

Dakta Binta: E, 2024 aka buga shi. Dakta Demilade Adedinsewo ta asibitin Mayo a Amurka ce ta jagoranta, a asibitoci shida na ƙasar nan, mata wajen 1,200 masu ciki da masu jego. Abin sauraron ƙirjin nan da muke ratayawa a wuya, sai aka yi na lantarki, yana ɗaukar sautin zuciya da bugunta, kwamfuta ta ce wannan a tura ta hoto. Waɗanda aka gano da shi sun ninka waɗanda aka gano ta duba na yau da kullum. Amfaninsa, ungozoma a ƙaramin asibiti za ta iya riƙe shi, ba sai likitan zuciya ba. Saura kuma a samu inda za a tura matar da injin hoto mai aiki, da wutar da zai...

Auwalu: Yana gane wanda ya ci ƙauri?

Jummai: Wannan ba sai da na'ura ba, a wuyan rigarka ake gani. Yaya, lokaci fa ya tafi. Mun yi alkawarin zuciyar aladen nan da aka dasa wa wani Ba'amurke a 2022, ga tambayoyin hawan jini sun taru, ko ɗaya ba mu taɓa ba.

Dakta Binta: Bari in faɗi ɗaya kawai, don ita ce ke kashe su. Wadda ta yi ciwon nan kada ta sake ɗaukar ciki sai an yi hoto an ga zuciyar ta dawo daidai. In ba ta dawo ba, cikin gaba na iya tafiya da ita. Maza nake wa magana, Auwalu, da uwayen miji masu ƙirga watanni.

Auwalu: Ni me na yi kuma?

Dakta Binta: Kuma ko ta dawo ɗin, a fara awo da wuri, a gaya wa mai awon tarihin, a kuma...

Jummai: Yaya, mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mini hannu, batir saura ƙiris. Alade sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da turo tambayoyi, amma don Allah saƙon murya kada ya wuce minti biyu. Sai an jima.