Amsoshin Tambayoyinku: Shukar da ke Cin Mutane da Wahalar Sake Yin Fim Ɗinta

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan fim guda na Amurka, wato Little Shop of Horrors, fim ɗin da ya haɗa ban tsoro da barkwanci da waƙoƙi a tukunya ɗaya. Muna tare da malamin da ke koyar da aikin shirya fim. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Hajiya.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga Zariya take. Mai ita ya ce ya daɗe yana jin za a sake yin wannan fim, amma shiru kamar an shuka dusa. Yana so a ba shi labarin fim ɗin, da abin da ya tsayar da sabon.

Malam: Labarin gajere ne. Wani maraya mai suna Seymour yana aiki a shagon furanni na wani Mushnik a unguwar talakawa, ciniki ya mutu murus. Sai ya tsinci wata baƙuwar shuka, ya laƙaba mata suna Audrey II, wato Audrey ta biyu, saboda Audrey, abokiyar aikinsa da yake so a ɓoye. Shukar ba ta shan ruwa, jini take sha. Tana girma, jama'a na tururuwar kallonta, ciniki ya farfaɗo. Da jinin yatsun Seymour ya daina isar ta, sai ta buɗe baki ta yi magana, ta nemi mutum sukutum.

Wanda jama'a suka fi sani, na 1986, shi ma maimaici ne. Na asali Roger Corman ya yi shi, ya fito a 1960, baƙi da fari, ba waƙa ko ɗaya. Ya ɗauki mafi yawansa cikin kwana biyu da dare ɗaya, a ɗakunan da suka rage daga wani fim ɗinsa na baya, da kuɗin da bai yi nisa da dala dubu 30 ba. Jack Nicholson na ciki, yana saurayi, a matsayin majinyacin da ke jin daɗin azabar likitan haƙori. A 1982 Howard Ashman ya rubuta waƙoƙi, Alan Menken ya sa musu kiɗa, suka mayar da shi wasan dandamali a New York, aka shekara biyar ana yin sa. Daga nan Frank Oz ya mayar da wasan fim a 1986, a kan kusan dala miliyan 25.

Sabon kuwa, kamfanin Warner Bros ya sanar da shi a 2016, Greg Berlanti ne darakta. A 2020 aka riƙa ambatar Taron Egerton da Scarlett Johansson da Chris Evans a matsayin jarumansa, sai annobar korona ta faɗo, aka jingine aikin. Amma ko da ba annoba, akwai tarnaƙi biyu da duk mai sake yin sa sai ya kwance, kuma na ga wasiƙun gabanki sun taɓo su.

Mai gabatarwa: Haka ne. Ga ta biyu daga Maraɗi. Ta ce a wannan zamani da kwamfuta ke zana dodanni kamar a taɓa, me zai hana a zana shukar kawai a huta?

Malam: Babu abin da zai hana, sai dai ta fara jin yadda aka yi ta 1986, sannan ta auna. Lyle Conway ne ya ƙera ta. Ba guda ɗaya ba ce, an yi ta girma-girma, daga ta cikin gwangwani har zuwa ta ƙarshe mai nauyin kusan tan ɗaya, wadda sai da mutum kusan 60 suke sarrafa ta. Fatarta soson roba ce mai fenti. A cikin leɓunanta akwai wayoyi irin na birkin keke, kowace ta bi ta ƙarƙashin dandamali zuwa hannun mutum guda. Wani leɓen sama ne aikinsa, wani gefen baki, wani harshe, wasu kuma rassa. Soso yana yagewa, fenti yana gogewa, don haka kullum in aka tashi aiki sai an wanke ta, an yi mata faci, an sake shafa mata launi.

Babbar matsalar ita ce waƙa. Soso mai wannan nauyi ba ya iya motsi da saurin bakin mawaƙi, kuma muryar Levi Stubbs na ƙungiyar mawaƙa ta Four Tops, wanda ya yi muryar shukar, ba ta jiran kowa. Dabarar da suka gano ita ce rage gudun kyamara. Fim yana tafiya ne a hoto 24 cikin daƙiƙa. In ka ɗauka a hoto 16 sannan ka haska a 24, komai zai ƙara sauri da rabi. In ka ɗauka a 12, saurin zai ninka. To sai a rage gudun waƙar a wurin ɗauka daidai da haka. Waƙar minti uku za ta zama ta minti huɗu da rabi in a 16 ake, ko minti shida in a 12 ake. Masu jan waya sun samu sararin haɗa kowane harafi da leɓe.

Mai gabatarwa: To jarumin da ke tsaye kusa da ita fa, Malam? Ai shi ma zai koma kamar ana kora shi.

Malam: Nan ne gizo ke saƙa. Dole Rick Moranis, wanda ya fito a matsayin Seymour, ya yi tafiya a hankali, ya ɗaga hannu a hankali, ya yi mamin waƙar a hankali, kamar mai motsi a cikin ruwa. Masu sauraronmu sun san mamin a finafinan Hausa, inda ake naɗar waƙa a situdiyo tukuna, jarumi ya zo yana bin ta da baki. To ka ɗauki wannan ka rage masa gudu. Sannan waƙa in aka rage mata gudu muryar tana yin ƙasa ta zama gurnani, shi ya sa suka bi da ita ta na'urar da ke mayar da sautin inda yake, don jarumi ya gane kalmomin.

Wanda zai kwaikwayi dabarar nan ya kiyaye abu uku. Duk abin da ke faɗuwa da kansa, ko ruwa ko hayaƙi ko tukunyar fure, ba ya rage gudu don an rage na kyamara, don haka zai bayyana da saurin da ido ba ya yarda da shi. A cire irinsu daga hoton, ko a ɗauke su daban. Na biyu, kyamara in ta rage gudu haske ya fi daɗewa yana shiga kowane hoto, sai an tsuke idonta, in ba haka ba hoton ya yi fari fat bai dace da na gabansa ba. Na uku ƙifta ido. Jarumi yakan tuna ya rage tafiyarsa, ya manta da idonsa.

Ni dai ra'ayina, a bar kai da baki da manyan rassa a hannun masu jan waya, a ba kwamfuta aikin goge wayoyin da mutanen da suka leƙo cikin hoto, da ƙara ƙananan rassa daga nesa. Dalili kuwa, in reshe na gaske ya nannaɗe wuyan jarumi, rigarsa tana tattarewa, inuwa tana faɗa masa a fuska, idonsa yana kallon wuri takamaimai. Barkwanci kuma lokaci ne. Wanda ke magana da sanda mai ɗigon kore, wadda ake kafawa a madadin shukar da kwamfuta za ta zana daga baya, ba ya sanin daƙiƙar da zai razana. Aikin nan na 1986 har sai da aka tsayar da shi takarar Oscar, babbar lambar yabo ta finafinai a Amurka, a fannin dabarun hoto.

Mai gabatarwa: An ce ma sanyi ya ba su wahala.

Malam: Ƙwarai. A Pinewood ta Ingila aka gina unguwar gaba ɗaya, a babban zauren da ake ɗaukar finafinan James Bond. Girmansa ya sa ba ya ɗumamuwa, tururi na fita daga bakin 'yan wasa. Sai su tsotsi ƙanƙara kafin a ce a fara.

Mai gabatarwa: Wasiƙa ta uku daga Zangon Kumasi. Ya ce ya kalli fim ɗin sau biyu, ya ga ƙarshe iri biyu. A ɗaya an yi aure, a ɗaya shuka ta cinye kowa. Wanne ne na gaskiya, kuma wanne ya kamata sabon ya bi?

Malam: Duka biyun Frank Oz ne ya ɗauke su. Da farko ya bi wasan dandamali: shuka ta ci Audrey, ta ci Seymour, 'ya'yanta suka bazu suka ragargaza birane. Wannan ƙarshe ya kai minti 23, ya ci kusan dala miliyan 5. Da aka yi gwajin haska shi a San Jose da ke Kalifoniya, 'yan kallo suna ta tafi bayan kowace waƙa, har aka kashe masoyan biyu, zaure ya yi tsit. Kashi 13 cikin 100 kacal suka ce za su tallata shi ga wasu. Aka sake gwadawa a Los Angeles, bai canza zani ba. Aka koma aka ɗauki sabon ƙarshe, inda Seymour ya jona wa shukar wayar lantarki ta tarwatse. Na farkon kuwa sai a 2012 aka gyara shi da launi aka fitar.

Bayanin Oz shi ne, a dandamali in an cinye jarumi, bayan minti kaɗan zai fito ya rusuna a tafa masa, kowa ya san wasa ne. A fim wanda ya mutu ya mutu. Gaskiya ne, amma akwai ƙari. Kyamara tana matsowa dab da fuska. In ka yi minti uku kana kallon idon Ellen Greene, wadda ta fito a matsayin Audrey, tana rera burinta na ɗan gida mai ciyawa a ƙofa, ka gama shiga hannunta.

Abu mafi girma a wurina shi ne alhakin da ke wuyan Seymour. A dandamali da bakinsa ya yaudari Mushnik, ya ce masa kuɗin ciniki na cikin shukar, tsoho ya shiga aka haɗiye shi. A fim an sassauta. Mushnik ne ya tsare shi da bindiga yana neman ya raba shi da shukar, ya yi ta ja da baya har ya faɗa bakinta. Wato an rage wa yaron laifi, an bar masa hukuncin yadda yake. 'Yan kallo suka ga an zalunci bawan Allah. Saboda haka marubucin sabon ya yanke shawara tun a takarda. In ƙarshen halaka yake so, to a ga Seymour yana zaɓen kuɗi da suna da idonsa buɗe, a ƙalla sau biyu, kafin sakayya ta zo. In aure yake so, ya bar shi da rauninsa. Ɗaukar ƙarshe biyu a jira 'yan gwaji su zaɓa asarar kuɗi ce, domin tsakiyar fim ɗin ba za ta dace da duka biyun ba.

Mai gabatarwa: Ga wata gajera daga Kano, wani matashin darakta. Ya ji an ce fim ɗin ba shi da mai shi, yana tambaya ko zai iya yin nasa.

Malam: A yi hattara. Na 1960 ne ya zama na kowa a Amurka, saboda Corman bai kare haƙƙin mallakarsa ba. Waƙoƙin Ashman da Menken da rubutun wasan dandamali suna da masu su, kuma kamfanin Music Theatre International ne ke ba da lasisin yin wasan. Fim ɗin 1986 yana hannun Warner Bros. 'Yan mata uku masu amshi da ke bin labarin suna sharhi, su ma na wasan 1982 ne. Ya nemi izini a rubuce kafin ya taɓa ko baiti ɗaya, ko da fassara shi zai yi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Garwa a Kamaru. Ta ce tunda yanzu akwai kuɗi da kayan aiki, ba dole sabon ya fi tsohon ba?

Malam: Ba dole ba ne, kuma an gani. The Rocky Horror Picture Show na 1975 ɗan gidansu ne a wannan salo. Bai yi kasuwa da farko ba, sai da aka fara haska shi da tsakar dare a New York a 1976 ya samu masoya 'yan gani-kashe-ni, masu zuwa da shigar 'yan wasan suna mayar wa allo magana. Tashar Fox ta sake yin sa a 2016, Kenny Ortega ya ba da umarni, da rawa tsaf da kaya masu ƙyalli, har aka sa 'yan kallo na bogi a ciki suna yin abin da masoyan ke yi. Masu sharhi da dama suka ce an wanke shi har ɗanɗanonsa ya fita.

Shagon Mushnik ma haka yake. Dole unguwar ta yi datti, talaucin ya zama abin tsoro na gaske, in ba haka ba babu wanda zai gane abin da ya sa yaro ya yanka yatsarsa don shuka. Kuma 'yan wasa kada su nuna sun san abin dariya suke yi. Akwai kuma batun sabuwar waƙa. Oscar ba ta karɓar waƙa sai wadda aka rubuta musamman don fim ɗin, kuma na 1986 ya shiga takarar ne da sabuwar da aka yi wa shukar ta rera a ƙarshe. Menken yana nan, amma Ashman ya rasu tun 1991, Levi Stubbs kuma a 2008. Sai an nemo mai alƙalami da mai maƙogwaro tun kafin a sayi soson farko, domin da faifan muryar ne masu jan waya za su yi makonni suna atisaye.

Mai gabatarwa: Malam, mun gode ƙwarai. Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.