Amsoshin Tambayoyinku: Jan Layi a Ƙarƙashin Hujjar Lissafi

Jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗalibin lissafi da ke koyon Lean, manhajar tantance hujja da Leonardo de Moura ya fara ginawa a 2013. Yana cewa: "Da na fara rubuta hujja a manhajar rubutu ta VS Code sai jan layi ya fito, alhali ban yi kuskure ba. Me ke faruwa?"

To Malam, kwantar da hankalinka. Lean ba ta jiran ka gama, kana bugawa tana dubawa. Muddin akwai sauran abin da ba ka tabbatar ba, kuskure ne a wurinta, ko da duk matakan da ka taka daidai ne. Duba inda jan yake zaune. In a kan kalmar by yake, wato bakin hujjar, tana nufin da saura. In kuwa a tsakiya yake, ƙarƙashin wani mataki guda, to wannan matakin ne bai karɓu ba. Tagar da ke gefe za ta nuna maka abin da ke hannunka a sama, abin da ake binka kuma a ƙasa bayan alamar ⊢. Can ya kamata idonka ya tsaya. Sandar nan mai ruwan goro a gefen shafi kuwa, alama ce kawai ba ta gama dubawa ba.

Wata 'yar'uwa kuma ta tambaya ko rubuta sorry, kalmar da ake sawa a gurbin abin da ba a tabbatar ba, na kawar da matsalar. Malama, yana kawar da jan, ya bar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, amma bashi kika ci. Ni dai wannan ya fi ba ni tsoro, domin da shi ko cewa ɗaya daidai yake da biyu za ki iya "tabbatarwa", kuma duk hujjar da aka ɗora a kai ta gaji ramin. Don gano ko akwai irin wannan ramin, rubuta #print axioms da sunan hujjar. In sorryAx ya fito, da gyara.

Coq, wata manhajar tantance hujja irin Lean, wadda aka sauya wa suna zuwa Rocq a 2025, ta fi tsauri wajen rufewa: Qed, kalmar rufe hujja, ba ya shiga sai an gama komai, in ba haka ba sai dai ki rufe da Admitted, wato ki amsa cewa hujjar ba ta kammala ba.

Sai wasiƙa ta gaba.