Amsoshin Tambayoyinku: Ashe Hamada Ma Tana Fure?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Yau wasiƙu biyu ne a gabanmu, kuma duka a kan hamada suke.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a unguwar Birni. Ta ce ɗanta ya nuna mata hoto a waya, fili ne na hamada a Amurka amma rawayen furanni sun rufe shi har ƙarshen gani, kuma an rubuta wai a bazara abin yake faruwa. Tambayarta: "Bazarar da muka sani, ko ciyawa ba ta tsira, to ina fure zai fito? Ko dai haɗa hoton aka yi?"

Hajiya, tambayarki ta yi daidai, kuma irin wannan abu yana faruwa da gaske. Kalmar ce ta kawo ruɗani. Lokacin da Amurkawa suke nufi shi ne bayan sanyinsu ya wuce, daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin zafi ya kankama. A wannan yanki ruwan da ke tayar da furannin a kaka da lokacin sanyi yake sauka, mu kuwa namu sai damina. Akwai wani gandu a jihar Kalifoniya da ake kira Kwarin Mutuwa, inda aka auna zafin da ya kai digiri 56.7 a shekarar 1913. Ruwan da yake samu a shekara yawanci bai fi milimita 60 ba, alhali mu nan Damagaram mukan samu wajen 400 muna kukan ya yi kaɗan. Amma a 2005 da 2016, bayan ruwa ya sauka sosai a kan kari, sai kwarin ya cika da fure, mutane suka yi ta tururuwa kallo.

To daga ina furen ya fito? Irin yana nan cikin ƙasa tun tuni, wani ya yi shekaru a kwance. Ɓawonsa yana da tauri, wani kuma akwai sinadari a jikinsa da ke hana shi tsirowa sai ruwa mai yawa ya wanke shi. Yayyafi ba ya ruɗarsa. Da zai tsira da yayyafi, rana ta ƙone shi kafin ya zuba wani irin, zuriyarsa ta ƙare ke nan. Idan kuwa ƙasa ta sha ta ƙoshi, cikin 'yan makonni zai tsira, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe.

Hajiya, wannan hikimar Ubangiji tana nan a bayan gidanki. Ki fita bayan gari a watan Agusta, kwana kaɗan bayan ruwa mai ƙarfi, ki duƙa ki dubi ƙasa. Tsaidar nan da ke sukar ƙafar yara tana da ɗan fure rawaya mai kunnuwa biyar, bai kai girman farce ba, shimfiɗe a kan yashi. Ni kaina na girma ina tsine wa ƙayarta, ban taɓa lura da furenta ba sai da na manyanta. Tumfafiya ma, da ba mai kula ta, ki ɗaga furenta ki gani: fari ne da shunayya a bakinsa. Ita kuwa bishiyar kariya da rani take nuna nata, ja-ja a kan reshen da ba ganye ko ɗaya.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Gure. Yana tambaya ko Nijar tana da gandun hamada irin wannan, kuma ko mutum zai iya zuwa.

Malam, muna da shi, kuma kai ne ma kusa da shi. Gandun Termit da Tin Tumma ke nan, arewa da ku ta wajen Taskar. An kafa shi a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, abin da ya sa ya shiga sahun mafi girma a Afirka. Duwatsun Termit baƙaƙe ne, sun miƙe tsakiyar rairayi, da kwaruruka masu itatuwan ƙaya a tsakaninsu. Gabas da su sai tuddan yashin Tin Tumma. A can ne ragowar mena take, barewar nan da ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta ari sunanta. A can ne kuma adaks, farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho wadda ta kusa ƙarewa a duniya. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, laimar ciyawa ta ishe ta, shi ya sa take bin duk inda hadari ya zubar, kamar yadda Tubawa makiyaya ke bi da raƙumansu.

Batun zuwa kuwa, malam, ba tafiyar ganin dama ba ce. Sai da izinin jami'an gandun daji, da ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi, da mota mai iya yashi, kuma a fara tambayar hukuma halin tsaron hanya. In Allah ya sa ka je, kada ka tsinki fure, don irin baɗi a cikinsa yake.

Sauran wasiƙunku suna hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.