Jawabin maraba ga Mai girma Ministan Lafiya daga ƙungiyar masu jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Lafiya, ranka ya daɗe, da 'yan tawagarka, likitocinmu da nas nas, iyayenmu mata da suka cika wurin nan tun da sassafe, sai 'yan uwanmu masu fama da larurar da ta tara mu, waɗanda su ne ainihin masu taron. Lale marhabin, sannunku da zuwa, sannu da hanya.

Gaskiya ranka ya daɗe da aka ce za ka zo da yawanmu ba mu yarda ba, don mun saba in manya suka zo duba asibiti ɗakin haihuwa suke nufa ko na tiyata, namu ɓangaren kuwa da sauri ake wuce shi kamar ana ɗaukar ciwon a iska. To yau ga ka zaune a tsakiyarmu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ni ba likita ba ce, mai jinya ce. Ƙanina ne ba lafiya, kuma kafin mu kai shi gaban wanda ya san ciwon sai da muka yi shekaru muna yawo, wannan ya ce sammu ne wancan ya ce iskanci ne kawai a yi masa duka zai daina, har ta kai mun ɗaure shi a ɗaki da hannunmu, ba don ba ma son sa ba wallahi, sai don ba mu san ina za mu nufa ba kuma asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa tafiyar yini guda ce daga inda muke. Ranar da ya samu magani bai yi wata biyu ba ya fara gane mu. Yana cikin ɗakin nan yanzu, shi ya jera kujerun da kuke kai.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar ana sa wa masu taɓin hankali mari ko sarƙa a ƙasashe 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da wata larurar ƙwaƙwalwa, amma abin da gwamnatoci ke ware wa wannan fanni bai wuce kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba a tsaka tsaki, ɗan abin ma akasari a manyan asibitocin birni yake ƙarewa. To mutumin ƙauye fa? Ɗan gudun hijira fa, da ya ga an kashe nasa a gabansa, alhali hukumar da kanta ta ce a inda aka yi rikici kusan mutum 1 cikin 5 na fama da damuwa ko firgici ko abin da ya fi haka. Ga mai jego da ke kwana tana kuka ana ce mata shagwaɓa ce. Ga na gidan yari. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne kurma, ya samu ya iso gaban likita da ƙyar amma ba mai fassara masa, ciwon da da baki ake bayaninsa, ta yaya zai faɗi abin da ke cin sa?

Ana yawan cewa mutanenmu ne ba sa son zuwa asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ranka ya daɗe, mu da muke ciki mun san kuɗin mota ne, da maganin da ake sha kullum kuma ba a samun sa kusa, da tsoron kada a ce gidan wane akwai mahaukaci a ƙi auren 'ya'yansu.

Mun sani likitocin ƙwaƙwalwa ba za su ishe mu ba ko nan da shekara ashirin, shi ya sa ba su muke roƙo ba yau. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa nas da ƙananan ma'aikatan lafiya yadda za su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali su fara magani a ƙaramin asibiti, mai tsanani ne kawai za su tura gaba. A Zimbabwe akwai wani likita, Dixon Chibanda, ya sha ba da labarin wata majinyaciyarsa da ta kashe kanta saboda iyayenta ba su da kuɗin motar kawo ta Harare, abin ya dame shi har ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Da aka gwada aka fitar da sakamako a 2016, bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun damuwa, waɗanda ba su zauna a bencin ba kuwa rabinsu ne. Benci ne fa da tsohuwa mai haƙurin sauraro, kuma muna da su, ga su nan a gabanka.

Don haka roƙonmu a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma a kai musu maganin ya zauna a can kada ya riƙa yankewa, domin in ya yanke wata ɗaya ciwon dawowa yake a koma gidan jiya. A sa shi cikin inshorar lafiya. Sannan duk lokacin da za a zauna tsara wani abu a kanmu a kira waɗanda suka yi ciwon suka samu sauƙi, sun fi kowa sanin inda hanyar take toshewa.

Ba zan cika ka da surutu ba ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Mutum uku daga cikin 'yan uwanmu sun ce da bakinsu suke so su yi maka bayani, bayan sun gama sai mu zagaya da kai ka ga ɗakin da muke zama da iyalai. Muna sake yi maka barka da zuwa, Allah ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.