Hattara Daban, Tsanaki Daban: Kalmomin Lura a Ingilishi

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Mu nan Garwa, a Kamaru, yawancinmu da Faransanci muka fara boko, Ingilishi daga baya ya zo. Shi ya sa ɗalibi kan riƙe careful ya yi ta cusa ta ko'ina. Kafin ka zaɓi kalma, tambayi kanka: mutumin nan hatsari yake gudu, ko kuskure?

In hatsari ne, cautious ake cewa, wato mai taka-tsantsan, kamar direban da ya rage gudu a gangaren dutsen hanyar Ngaundere. Vigilant kuwa mai sa ido ne, irin ɗan sintiri. Kuma don Allah kada ku yi wa mai jin Ingilishi gargaɗi da "Attention!" irin ta Faransanci. "Watch out!" za ku ce.

In kuskure ake gudu, nan aikin yake. Meticulous shi ne mai tsanaki a kan ƙananan abubuwa, kamar mai aikin allura a wuyan babbar riga, zare ɗaya ya kauce sai ya warware. Thorough shi ne wanda bai bar komai a baya ba: makaniken da ya duba mai, birki, taya da batir kafin ya miƙa makulli. Na farko zurfi, na biyu faɗi. Ku lura, thorough gaɓa biyu ce, through gaɓa ɗaya, ma'anarsu ma ba ta haɗu ba.

Sai biyun da suka fi kayar da ɗalibai, wato precise da accurate, domin Faransanci kan ce précis a wuraren biyu. Ɗauki buhun masara mai kilo 50 cif, ka ɗora a sikeli sau uku. Ya nuna 52, 52, 52. Sikelin nan precise ne, tunda bakinsa ɗaya, amma ba accurate ba ne, don ya kauce wa gaskiya da kilo 2. Accurate dacewa ce da ainihin nauyin. Wanda zai karanta likitanci ko injiniyanci, wannan bambancin dole ya zauna masa.

Wajen rubutu, careful harafin l ɗaya gare ta. Carefully biyu, saboda an liƙa mata -ly. A kan kuɗi ko kaya careful with ake cewa, a kan abin da za ka furta kuma careful about.