Sunan Kwali Daban, Cif Daban: Lacca kan Wi-Fi da Linux

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka gabatar wa masu gyaran kwamfuta da ɗalibai a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, iyayen gidanmu masu shaguna, da ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuwa tana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, alhali da yawa daga cikin laftof na hannu da ake sayarwa a Farm Centre ba su kai nan ba. Lafiyarsu ƙalau, ƙarfinsu na nan, kuma Linux, babbar manhajar da ke maye gurbin Windows, za ta riƙe su shekaru. To amma duk wanda ya taɓa saka wa kwastoma wani nau'in Linux kamar Ubuntu ko Linux Mint ya san inda ake yawan samun cikas. Allo ya kawo, sauti ya fito, sai a duba kusurwa a ga babu alamar Wi-Fi. Kwastoma ya ce a mayar masa da Windows ɗinsa, mai gyara kuma ya yanke hukunci cewa Linux ba ta da kyau. Wannan hukuncin nake so mu sake dubawa yau.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin Wi-Fi ya yi aiki. Akwai cif, ɗan ƙaramin abin da ke kan katin, shi ke aika saƙon rediyo yana karɓa. Akwai direba, manhajar da ke zaune cikin kanel, wato zuciyar Linux, tana ba cif umarni. Sannan akwai famwaya, wata 'yar manhaja da ake loda wa cif ɗin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Ɗaya ya ɓace, shiru za ka ji. Kuma masu ƙera cif ɗin ba su da yawa: Intel, Realtek, Broadcom, MediaTek da ya sayi Ralink a 2011, da Qualcomm da shi ma ya sayi Atheros a 2011 ɗin. Sauran sunayen da kuke gani a jikin kwali, yawanci saye suke yi a wajen waɗannan su sa a roba.

Yaran yanzu ba su ga wahalar da aka sha ba. A farkon shekarun 2000 kamfanoni kan fitar da direban Windows kawai, su ɓoye bayanin yadda cif ke aiki. A 2003 aka fito da NDISwrapper, dabarar da ke ɗauko direban Windows ta lulluɓe shi har Linux ta iya tafiyar da shi. Tana aiki wani lokaci, wani lokaci kwamfuta ta daskare, kuma ba mai iya gyarawa tunda ba wanda ke ganin abin da ke ciki. Wasu kuma suka ɗauki hanya mai tsawo. Reyk Floeter na OpenBSD, wata babbar manhaja buɗaɗɗiya irin Linux, ya zauna yana bin diddigin cif ɗin Atheros har ya rubuta buɗaɗɗen madadin ɓangaren da kamfanin ya rufe, kuma a kan aikinsa aka gina direban ath5k a Linux. Haka aka yi wa Broadcom, aka samu direban b43. Mutane ne suka ba da lokacinsu don katin da ka saya da kuɗinka ya yi maka aiki.

Hujjar kamfanoni ita ce doka. Wi-Fi rediyo ne, kowace ƙasa tana da iyakar ƙarfi da tashoshin da ta yarda da su, hukumar FCC ce ke kula da wannan a Amurka, hukumar NCC a nan Najeriya. Suka ce in an buɗe komai, wani zai ƙara ƙarfi ya shiga tashar da ba tasa ba. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma a 2008 Atheros da kansa ya fitar da direban ath9k a buɗe, Linux kuma ta samar da tsarin da ke duba ƙasar da kake ya kulle tashoshin da aka hana. Broadcom ya biyo baya a 2010 da buɗaɗɗen direba na wasu cif ɗinsa. Ashe ana iya bin doka ba tare da an rufe wa mai kaya ƙofa ba.

Yanzu ga misalin da nake so kowa ya tafi da shi. Akwai adaftar USB ta TP-Link mai lamba TL-WN722N, mai eriya guda, na san wasunku suna da ita a shago. Fitowar farko tana ɗauke da cif ɗin Atheros AR9271. Wannan cif, direbansa na cikin kanel, famwayarsa ma an buɗe ta a 2013. Ka soka kawai, ta kama. Ɗalibai masu koyon tsaron intanet da Kali Linux suka so ta ƙwarai, saboda tana iya sauraron duk saƙon da ke yawo a iska. Sai aka yi fitowa ta biyu da ta uku. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma cif ɗin ciki ya koma Realtek RTL8188EUS. Yaro ya karanta a intanet cewa wannan adafta ita ce daidai, ya tara kuɗi ya saya, ya je gida abin da ya saya dominsa ya ƙi yiwuwa sai da wahala. Kamar babur ne, sunan da ke jikin tanki bai gaya maka injin da ke ƙasa ba. Lambar fitowar tana rubuce a 'yar takardar da ke jikin kwali da bayan adaftar, sai dai ƙanana ne haruffan. Iyayen gida, don Allah ku riƙa dubawa kafin ku sara, ku kuma gaya wa mai saye gaskiyar wadda ke hannunku.

To yaya za ka san cif? Ka buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa Linux umarni. In ta USB ce ka rubuta lsusb, in katin ciki ne ka rubuta lspci -nn. Za ka ga lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakani. Ta farko ta kamfani ce: 8086 Intel, 14e4 Broadcom, 168c Atheros a katin ciki, 0cf3 Atheros a USB, 0bda Realtek a USB. AR9271 da na ambata tana fitowa 0cf3:9271. Da wannan lambar ake bincike, ba da sunan kwali ba. Kafin ma ka zargi direba, rubuta rfkill list, domin sau da yawa maɓallin Wi-Fi ne aka kashe a gefen laftof.

In kun tambaye ni wanne za a saya, na ciki dai Intel ne ya fi kwanciyar hankali, don ma'aikatansu ne ke kula da direbansu, iwlwifi, a cikin kanel. Na USB kuwa, MediaTek masu amfani da direban mt76 sun yi kyau. Realtek ne ke da rikici. Wasu cif ɗinsa sun shiga kanel, wasu kuma sai ka je GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ka ɗauko direban da wani bawan Allah ke kula da shi, ka harhaɗa da kanka. Ranar da kanel ya sabunta yana iya karyewa, in Secure Boot, tsaron da ke tantance manhaja lokacin tashin kwamfuta, na kunne kuma direban zai ƙi lodawa sai an sa masa hannu na dijital. Ni ba na barin kwastoma da irin wannan. Yau yana aiki, bayan wata biyu ya dawo ransa a ɓace. Gara ka cire katin ka sa wani. Sai dai ka lura ko ramin mini PCIe ne ko M.2, ka kuma san cewa tsofaffin ThinkPad da wasu HP suna da jerin katunan da BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya yarda da su kaɗai. ThinkPad kan nuna kuskure mai lamba 1802 ya ƙi tashi. Haka kuma Intel AX201 ba ya aiki sai da furosesan Intel da aka yi shi dominsa, amma AX200 bai da wannan sharaɗin.

Broadcom na tsofaffin Dell da MacBook kuwa, direban yana nan amma sai an sauko da shi, ga shi ba intanet. Ka haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna raba intanet ta USB, Linux za ta gan ta nan take. Daga nan ka shiga wajen ƙarin direbobi a Ubuntu ko Mint ka zaɓa.

Saura batun famwaya, inda mutanen buɗaɗɗiyar manhaja da kansu suka rabu. Gidauniyar FSF mai fafutukar 'yancin manhaja, wadda Richard Stallman ya kafa, tana ganin duk manhajar da ba a iya karanta cikinta ba ta dace ba, shi ya sa Trisquel, nau'in Linux da ke bin ra'ayinta, ba ta ɗauke da rufaffiyar famwaya, katin Intel ma ba zai tashi a kanta ba. Debian, wani nau'in Linux, ta daɗe a kusa da wannan ra'ayi, har masu aikinta suka kaɗa ƙuri'a a 2022, sai Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da famwayar a cikin faifan sakawa. Ina girmama masu ra'ayin farko, matsin lambarsu na cikin abin da ya sa aka buɗe wanda aka buɗe. Amma malamar makarantar da ta kawo laftof tana son ta tura sakamakon jarrabawa gobe, ita Wi-Fi take buƙata, kuma a nan ina tare da Debian.

Kowane mai gyara ya ajiye filashi mai Linux a aljihu. Kafin ka goge wa mutum Windows, tayar da kwamfutar daga filashin, ka haɗa Wi-Fi, ka rufe murfi ta yi barci, ka buɗe ka ga ko ya dawo, don wasu katunan a nan suke gazawa. Bayan sallar la'asar za mu dawo nan, duk wanda ya zo da laftof ko adafta ya kawo ta tebur, mu karanta lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Masu tambaya kuma, bismillah, a miƙa musu makirufo.